An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Ga Mai Cewa Gola Ne Ciwon Manchester United

Tun daga daren Laraba, 21 ga Mayu, 2025, da Tottenham ta doke Manchester United da ci ɗaya mai ban haushi a birnin Bilbao na ƙasar Sifaniya, ta ɗauke kofin Europa, ta bar mu hannu rabbana, babu majalisar da mutum zai zauna, ko a bakin teburin mai shayi ko a ƙofar gidan kallo, face ya tarar an kafa shari'a, an gurfanar da wani ɗan wasa, ana yanke masa hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ban ga laifin jama'a a kan haka ba, domin wanda ya shafe wata tara yana biyan kuɗin shiga yana zama a kan benci, har ya ga ƙungiyarsa ta ƙare ta 15 a gasar Firimiya da maki 42, matsayin da rabonta da irinsa tun 1974 da ta faɗa rukuni na biyu, yana da haƙƙin ya nemi wanda zai ɗora wa alhakin baƙin cikinsa. Amma hirar majalisa daban, rubutu daban. Abin da aka faɗa cikin fushi iska ke kwashe shi, wanda kuwa aka zauna aka rubuta, aka jero masa dalilai, ya zama da'awa, kuma da'awa sai da hujja.

Bayan ƙarewar wannan kaka na karanta maƙalar wani ɗan'uwa marubuci, wanda nake ganin girman alƙalaminsa, kuma muke tarayya da shi a son wannan ƙungiya da shan azabarta, inda ya yanke cewa babban raunin United a kakar 2024/25 shi ne mai tsaron ragarta na lokacin, André Onana. Adalci ya wajabta in kawo maganarsa yadda take kafin in taɓa ta. Ya ce gola shi ne harsashin gini, idan ya karkace duk abin da aka ɗora a kansa sai ya karkace. Ya ce kurakuran Onana sun ci wa ƙungiyar makin da za a iya ƙirgawa da yatsu, sun kuma cire wa 'yan baya natsuwa, har kowannensu yana wasa yana waiwaye. Ya ce ranar da aka sallami David de Gea a 2023 ranar aka ɗauko wannan musiba. Daga ƙarshe ya yi wa masu ambaton shugabanni da masu kulob shaguɓe, ya ce shi bai taɓa ganin attajiri ya sa takalmi ya shiga fili ya saki ƙwallo ta wuce ta ƙarƙashin hammatarsa ba. Maganinsa guda ne: a sayo sabon gola kafin watan Agustan 2025, rabin ciwon ya warke.

Ba zan fara da musun abin da idona ya gani ba. Ina zaune a gidan kallon unguwarmu daren Alhamis ɗin da aka je Lyon a watan Afrilu, janareto yana ruri a bayan katanga, fanka ɗaya tana juya zafi a kan mutum wajen ɗari, lokacin da bugun tazarar Thiago Almada ya ratsa kowa ya faɗi a gaban Onana ya shige. Kuma ina nan a minti na ƙarshe da ya amayar da ƙwallo a ƙafar Rayan Cherki aka tashi biyu da biyu. Wani dattijon tela da ke gefena ya cire hularsa ya buga da ƙasa, ya ɗauka ya kakkaɓe, ya sake bugawa. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na kira bawan Allahn nan kwando a wannan dare. Na tuna ƙwallon Morgan Gibbs-White a watan Disamba, wadda ta zo masa tsakiyar jiki ya kauce mata kamar mai gudun bashi, na tuna ta Matheus Cunha da ta shiga kai tsaye daga bugun kwana, na tuna wadda ya saki a gaban ɗan wasan Brighton a watan Janairu. Duk wannan tabbas ne, kuma da maƙalar ta tsaya a kan cewa Onana ya yi mummunar kaka, da ban ɗauki alƙalami ba.

Inda muka rabu shi ne kalmar "babban". Malaman da suka karantar da mu sun sha jan kunnenmu a kan bambancin alama da illa, cewa zazzaɓi alama ce, kuma likitan da ya tsaya jiƙa tsumma yana ɗora wa majinyaci a goshi, bai binciki abin da ke cikin jini ba, ya sanyaya fata ne kawai. To bari mu ɗora da'awar malam marubucin a kan mizanin lissafi, tun da ƙwallo, duk da surutun da ke kewaye da ita, abu ce da ake ƙirgawa. An zura wa United ƙwallo 54 a wasa 38. Brighton an zura mata 59, ta ƙare ta takwas. Brentford an zura mata 57, ta ƙare ta goma. Idan yawan abin da ke shiga raga ne ya jefa mu na 15, wace laya Brighton ta rataya da ta sha fiye da mu amma ta ba mu ratar maki 19? Amsar ba ɓoyayya ba ce: kowace daga cikin waɗannan biyun ta ci 66, mu kuwa 44 muka ci, kuma a duk gasar babu wadda ta gaza mu cin ƙwallo sai Everton da ukun nan da suka faɗi, Leicester da Ipswich da Southampton. Wanda ya fi kowa ci mana a gasar bai wuce 8 ba, Bruno Fernandes da Amad Diallo ke nan, ɗaya ɗan tsakiya, ɗaya ɗan gefe. Rasmus Hojlund, wanda aka sayo musamman don wannan aiki, 4 ya ci, Joshua Zirkzee 3. Ko Onana ne yake barin ragarsa ya je ya riƙe ƙafafunsu a gaban ragar abokan gaba?

A koma daren Bilbao ma, wanda shi ne ya rufe kakar da baƙin ƙyalle. Tottenham harbi uku kacal ta yi a dukan wasan, ta samu ƙwallo ɗaya ta hargitsi daga Brennan Johnson wadda ta goga jikin Luke Shaw, sannan ta koma gida ta kulle ƙofa; United ta riƙe ƙwallo mafi yawan lokaci tana kewaye kamar baƙon da ya ɓata a lungun birni, dama mafi kyau ita ce kan da Hojlund ya sa, Micky van de Ven ya tashi sama ya cire ta a kan layi. A ce ma golan ya yi nauyin jiki a ƙwallon Brennan Johnson, na yarda. Amma ƙungiyar da aka ba ta rabin wasa cur da 'yan mintuna ta rama ƙwallo ɗaya a ragar ƙungiyar da aka zura wa 65 a gasa, ta kasa, da wane ido za ta kalli golanta ta ce kai ne ka kashe mu?

Maganar de Gea kuwa, a nan ne na yi murmushi, domin mantuwa ni'ima ce da Allah ya yi wa ɗan kallo. Haƙiƙa de Gea gwarzo ne, sau huɗu magoya baya suna zaɓensa gwarzon shekara, kuma a kakarsa ta ƙarshe ya karɓi kyautar golan da ya fi kowa wasannin da ba a ci shi ba, guda 17. Amma a wannan kakar ce Brentford ta yi mana huɗu ba ko ɗaya tun kafin hutun rabin lokaci, biyun farko daga hannunsa da ƙafarsa. A cikinta Manchester City ta yi mana shida, Liverpool ta yi mana bakwai a Anfield. Kuma bayan wasan ƙarshe na kofin FA da Ilkay Gundogan ya ci biyu, waɗanne bakuna ne suka cika majalisu da cewa de Gea ya tsufa, bai iya wasa da ƙafa ba, zamani ya wuce shi, a nemo gola irin na yanzu? Bakunanmu ne. An je Inter Milan an sayo mana wanda muka roƙa a kan kusan fam miliyan 47, mutumin da makonni kaɗan kafin nan ya tsare raga a wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai. Yau kuma mun juya muna kukan wanda muka kora. Sa'annan gwarzantakar de Gea ita kanta shaida ce a kan malam, domin ƙungiyar da golanta ke zama gwarzon shekara sau huɗu, ƙungiya ce da ake yi wa ruwan harbi shekara da shekaru, gwanintar mutum ɗaya tana rufa mata asiri.

Haka zancen cewa shi ne ya cire wa 'yan baya natsuwa. Wannan magana tana da daɗin ji, sai dai an gwada ta a fili ta faɗi. Bayan abin da ya faru a Lyon, koci ya ajiye Onana ya sa Altay Bayindir a wasan Newcastle. Aka sha huɗu da ɗaya, ta huɗun ma daga ƙafar sabon golan ta fito. A watan Disamba Bayindir ɗin ne a raga da Tottenham ta ci huɗu a kofin League, har da ta bugun kwana kai tsaye. Ina natsuwar da aka ce za ta sauko wa 'yan baya da zarar an kawar da mai firgita su? Kuma a kakar 2023/24, tun Onana yana baƙo, babu ƙungiyar da aka fi auna ragarta da harbi kamar United in ban da Sheffield United da ta ƙare a gindin teburi. Wannan kuwa ba aikin gola ba ne, aikin tsakiyar fili ne da aka bari a buɗe kamar filin idi, kowa ya ɗauko ƙwallo ya ratsa. Mutumin da ake jifa dare da rana, dole wata rana dutse ya same shi a goshi.

Akwai wata tambaya da maƙalar ta ƙi kusanta, alhali ita ce mabuɗin mas'alar: me ya sa 'yan wasa ke zuwa wannan kulob da lafiyarsu su kwanta, su bar shi kuma su miƙe? Scott McTominay, wanda aka raina a gida tun yana yaro, an sayar da shi ga Napoli a watan Agustan 2024. Kafin shekara ta zagayo ya ɗauki kofin gasar Italiya, aka zaɓe shi gwarzon gasar baki ɗaya, da ƙwallo 12 daga tsakiyar fili, wato fiye da abin da Hojlund da Zirkzee suka ci in an haɗa. Antony, wanda aka kashe wa sama da fam miliyan 80 ya zama abin dariyar gidajen kallo, an ba Real Betis aronsa a watan Janairu, sai ga shi yana rawa da ƙwallo har wasan ƙarshe na kofin Conference. Anthony Elanga da aka sayar wa Nottingham Forest shi ne ya ɗauko ƙwallo tun daga gidansu ya zura mana ranar 1 ga Afrilu. Kuma tun da gola ake magana, Dean Henderson ɗan gida ne, an sallame shi ga Crystal Palace a 2023, ga shi a watan Mayun 2025 ya tare fenariti a Wembley ya ɗaga kofin FA a gaban Manchester City. Idan mutum ɗaya ya shiga gida ya kamu da ciwo, sai a ce jikinsa ne. Idan goma suka shiga suka kamu, suka fita suka warke, mai hankali rijiyar gidan zai leƙa.

To ga abin da ke cikin rijiyar, kuma shi ne matsayina: babban raunin Manchester United shi ne rashin tadbiri a sama, wato babu wata tsayayyar manufa da ake sayen ɗan wasa ko ɗaukar koci a kanta, sai tufka da warwara. Ba sai an koma nesa ba, wata shida na ƙarshen 2024 sun isa bayyina. Bayan koci Erik ten Hag ya ƙare na takwas amma ya ci kofin FA, shugabanni suka yi makonni suna jin ta bakin wasu kociyoyi, duniya tana kallo, sannan suka dawo suka tsawaita kwantiraginsa a watan Yuli. Suka kashe wajen fam miliyan 200 a kan 'yan wasa biyar, biyu daga ciki, Matthijs de Ligt da Noussair Mazraoui, tsofaffin yaransa ne na Ajax, kamar yadda Lisandro Martinez da Antony da Onana ɗin kansa suke. Ranar 28 ga Oktoba, bayan wasa tara na gasa, suka kore shi. Suka ɗauko Ruben Amorim daga Sporting ta Fotugal a tsakiyar kaka, mutumin da kowa ya san ba ya wasa sai da 'yan baya uku da masu sintiri biyu a gefe, kuma bai ɓoye wa kowa cewa ba zai sauya ba, suka miƙa masa tawagar da aka tara don wani salo dabam. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ya yi wasa 27 na gasa ya samu maki 27. A tsakanin haka, Dan Ashworth, daraktan wasanni da aka yi wata da watanni ana jira, aka biya Newcastle diyya a kansa don ya zama shi ne mai tsara wannan duka, an raba gari da shi a watan Disamba bayan wata biyar. Sallamarsa da ta ten Hag da mataimakansa ta ci fam miliyan 14.5, a shekarar da aka kori ma'aikata 250 da sunan tsimi, aka kuma yi shelar korar wasu har 200, aka soke abincin rana na kyauta ga ma'aikatan Old Trafford. Wanne daga cikin waɗannan Onana ya sa wa hannu?

Ko raunin cin ƙwallon da na kafa hujja da shi a sama, in an bi saiwarsa nan za a tarar da ita. Hojlund, yaro ɗan shekara 20 da kaka ɗaya a Atalanta, aka sayo a kan sama da fam miliyan 60, aka aza masa nauyin gaban ƙungiya shi kaɗai, a daminar da Harry Kane ya bar Ingila ya tafi Bayern Munich; wanda ya ɗora wa ɗan maraƙi garmar bijimi ba shi da bakin zagin maraƙin. Kuma wannan ɗabi'a ta girmi waɗannan shugabanni. Tun da Sir Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013, shugaban gudanarwa David Gill ma ya bar kujerarsa a lokaci guda, an yi Moyes, an yi van Gaal, an yi Mourinho, an yi Solskjaer, an yi riƙon Rangnick, an yi ten Hag, an yi Amorim. Kowanne da mazhabarsa, kowanne an saya masa nasa, ya tafi ya bar wa na bayansa gado, har ɗakin sauya kaya ya zama kamar kasuwar gwanjo, riga daga nan, wando daga can.

Saura shaguɓen malam, cewa attajiri ba ya shiga fili. Gaskiya ne, kamar yadda magini ba ya kwana a ɗakin da ya gina, amma idan soro ya rufto ba a kama wanda ke barci a ciki. Iyalan Glazer na Amurka sun sayi kulob ɗin a 2005 da kuɗin bashi, suka juya bashin suka ɗora a wuyan kulob ɗin da a da ba a binsa, kuma daga lokacin zuwa yau abin da ya zurare ta hanyar kuɗin ruwa da ribar masu hannun jari da makamantansu ya haura fam biliyan ɗaya. Duk wanda ya kalli wasan Arsenal a watan Mayun 2024 ya ga ruwan sama yana kwararowa daga rufin Old Trafford kamar an buɗe indararo. Sir Jim Ratcliffe ya sayi fiye da rubu'in kulob ɗin a watan Fabrairun 2024, aka damƙa masa ragamar harkar ƙwallo, muka yi murna muka ce an samu mai gyara. Tufka da warwarar da na lissafa a sama kuwa duk a zamaninsa aka yi ta. Mutanen nan ba su taɓa sakin ƙwallo ta ƙarƙashin hammata ba, na yarda. Su ne dai suka zaɓi wanda ya zaɓi wanda ya sake ta.

Na san dalilin da ya sa zukatanmu suka fi karkata ga gola, kuma ba na cire kaina. Kuskurensa ana nuna shi sau biyar, daga gaba da baya da sama, a hankali a hankali, har yaron da ke leƙe ta tagar gidan kallo ya haddace shi; kuskuren ofis kuwa babu kyamarar da ke shiga ta ɗauko shi, sai bayan shekara biyu ya fito fili sanye da riga mai lamba. Kada kuma wani ya zaci ina kare Onana ne don maƙwabcinmu ne ɗan Kamaru. In an samu wanda ya fi shi gobe a kawo, ba zan yi zaman makoki ba. Abin da nake jin tsoro a irin wannan maƙala shi ne tana yi wa masu laifi hidima ba da niyyar marubucinta ba, domin babu abin da shugaban da ya gaza yake so kamar jama'a su yi ijma'i a kan mutum ɗaya: a sayar da shi, a kawo sabo, a ɗauki hoto da sabuwar riga, mu tafa, a sayi shekara guda ta haƙurinmu. An yi mana haka da Pogba, an yi da Maguire, an yi da Ronaldo, an yi da de Gea, an yi da Rashford. Kowanne a zamaninsa an ce shi ne ciwon, aka kawar da wasu, aka ƙasƙantar da wasu, muka gangaro daga na biyu a 2021 zuwa na 15 a 2025.

Saboda haka ina roƙon malam, da ladabin da ya dace da shi, ya ƙara wa maƙalarsa sakin layi ɗaya. Ya ce a sayo sabon gola kafin Agusta. To ya gaya mana wa zai zaɓo shi, kuma don salon wane koci, na Amorim ko na wanda zai gaje shi, tun da mutanen da za su zauna su yanke wannan shawara su ne waɗanda suka tsawaita kwantiragin ten Hag a watan Yuli suka kore shi a watan Oktoba.